Babbar a-kori-kurar Amurka: za ta iya da gona, ta iya da iyali?

Tambaya: Masta, salamu alaikum. Ina zaune a Aboabo, ina da gonar masara a wajen Ejura, ina kuma ɗan taɓa kwangilar gini a cikin Kumasi. Yanzu Hilux ce ke yi mini aiki, sai wata ƙaramar mota ta gida. Ƙanina da ke Amurka ya ce in sayar da duka biyun in cika kuɗi, ya turo mini Ford F-250 Platinum ko Ram 2500 Limited mai dizal, wai mota ɗaya ta ɗauke aikin gona da na iyali gaba ɗaya. Mu bakwai ne a gida, har da mahaifiyata. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya kuma saka wa ƙanin naka da alheri, don ba kowane ɗan'uwa ne ke can ƙetare yana tunanin abin hawan yayansa ba. Amma tun ban yi nisa ba: kada ka sayar da Hilux ɗin nan. Bar ta inda take tukuna, ka ji dalilina.

Na haura shekara 25 ina kwance injin dizal a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi da muke ce wa Magazin, kuma manyan motocin nan suna shigo mana jefi-jefi, har na san cikinsu daidai gwargwado. Ba na ƙin su. Ranar da na fara fita da wata gwaji a hanyar Offinso, sai da na ƙara tafiyar kilomita goma ba don komai ba sai don daɗin zama. Sitiyarinsu a hagu yake, daidai da hannun da Ghana ta koma tun 1974, saboda haka ba abin da za a juya musu. Inda mutanenmu ke ruɗuwa shi ne girman. Sai mutum ya ga tsayinta da faɗin ƙirjinta ya ɗauka ai wannan za ta kwashe rabin gona a sawu ɗaya. Motar jan tirela ce, Alhaji. Ɗaukar kaya a gadon baya aikinta ne na biyu, kuma ba ta fi Hilux ɗinka da wani abin a zo a gani ba a wannan fanni.

Ba'amurken da ke sayen F-250, ko Ram 2500, ko Chevrolet Silverado 2500HD da 'yar uwarta GMC Sierra, yana da tirela ajiye a bayan gida: ta shanu, ta dawaki, ta ɗaukar tarakta, ko ɗakin nan mai taya da suke ja zuwa yawon hutu. Saboda tirelar aka sa musu waɗancan injuna: Power Stroke mai lita 6.7 a Ford, Cummins mai lita 6.7 da silinda shida a jere a Ram, Duramax mai lita 6.6 a Chevrolet da GMC. Mafi ƙarfin na Ford da ya fito a 2023 ya kai doki 500. F-250 mai dizal tana jan tan 7 zuwa 10, gwargwadon shekararta da yadda aka haɗa ta. F-350 mai taya huɗu a baya kuwa, idan aka ɗaura tirelar a ƙugiyar da ke tsakiyar bodi, tana jan tan 14 har sama. Waɗannan lambobin ne ake tallatawa, su ne kuma ƙaninka ya gani.

Akwai wata lamba da ba a tallatawa. Ka ce masa ya buɗe ƙofar direba. A jikin ginshiƙin ƙofar akwai 'yar takarda mai rawaya da fari, ita ke nuna iskar taya da iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, mutane da kaya a haɗe, an rubuta da fam da kilo. Yawancin motocin wannan aji an yanke musu iyakar nauyi na kimanin kilo 4,500, wato motar kanta da duk abin da ke kanta. To ita kaɗai, idan mai ƙofa huɗu ce, mai dizal, mai ja da taya huɗu, ta riga ta cinye wajen tan uku da rabi. Abin da ya saura bai wuce kilo 900 zuwa 1,100 ba a yawancin masu alfarmar da na duba. Hilux mai ƙofa huɗu na ɗaukar wajen tan ɗaya. Ka ga kusan kunnen doki ke nan.

Mu yi lissafin a fili. A ce takardar ta nuna kilo 1,000. Kai da manya huɗu kun shiga, kowa kilo 75, an tafi da 375. Saura 625. Buhun siminti kilo 50 ne, ke nan buhu 12. Masara kuwa, in an ɗauka buhu kilo 100 ne, shida. Kuma kai ka fi ni sanin yadda ake ɗura buhun Ejura har sai bakinsa ya ƙi ɗinkuwa, ba mai kilo 100 a cikinsu. Motar da tana sabuwa a can ta haura dala 80,000, ga ta tana gasa da aboboyaa, babur mai taya uku na ɗaukar kaya.

Alfarmar ce ke cin nauyin. Injin dizal ya ɗara na fetur da kilo 300 zuwa 400. Rufin gilashi mai zugewa, kujerun fata masu mota a ciki har da tausa, matakala mai fitowa da kanta, manyan tayoyi masu inci 20, lasifikoki goma sha, kowanne da nauyinsa, kuma duk daga rabon kayanka ake cirewa. Shi ya sa za ka ga F-250 ta leburori, mai kujerar roba da injin fetur, ta fi Platinum ɗaukar kaya nesa ba kusa ba. Wanda ke son alfarma da lodi a mota ɗaya sai ya hau zuwa F-350 ko Ram 3500, inda mai taya biyu a baya ke ɗaukar sama da tan ɗaya da rabi, mai huɗu kuma ta haura tan biyu. Sai dai mai huɗun faɗin ƙugunta ya kai mita 2.4, ban ga lungun Aboabo da za ta shiga ba.

Na san abin da za ka ce: a ƙasar nan wa ke bin takardar jikin ƙofa? Mu da kanmu a Magazin muke ƙara wa Hilux ganyen sifirin a ɗora mata tan biyu. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye maka ba, babbar motar ta fi Hilux jure zalunci, don shasinta da akselinta sun fi kauri, injin kuwa ko a jikinsa. Abin da ke fara gajiya taya ne da birki, kuma ba sa ba da sanarwa. Ban da haka ma, in dai masara da siminti da bulo ne aikin, Kia Rhino ko Hyundai Mighty ko Isuzu NPR za su kwashe ninki uku ko fiye na abin da za ta ɗauka, da kuɗin da bai kama ƙafar nata ba, kuma kowane makanike daga Suame har Techiman ya san su ciki da bai. Ko bodin ma ka duba: gajeren na Ford mita biyu ne da ɗan ɗoriya, dogon mita 2.4. Ya fi na Hilux, amma rodi da katakon rufi duk da haka sai sun leƙo waje. Kuma ranar da yaranka suka fara jefa bulo da shebur a bodin motar da ka kashe wa wannan kuɗi, zuciyarka ba za ta ɗauka ba. Na ga masu irinta da yawa sun ƙare suna hayar Rhino, ita kuwa tana ajiye a inuwa an lulluɓe ta.

Akwai wanda ta dace da shi. In kana da tarakta da kake yawo da ita daga Ejura zuwa Atebubu ko Nkoranza kana huɗa wa mutane, ko ƙaramar motar haƙa, ko kwamfuresar haƙar rijiyar burtsatse, ko kana kai manyan janareto wuraren ma'adinai irin Obuasi da Tarkwa, to nan za ta nuna maka abin da aka ƙera ta don shi, kuma kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Sai dai sharaɗi: tirelar ta kasance mai birkin kanta, wanda ke haɗe da na motar. Tirelar da aka yi wa walda a Magazin da tsohon akseli ba birki, ka ɗora mata tan biyar ka biyo gangaren Mampong ka nufo Jamasi, ita za ta riƙa tuƙa ka. Masu dizal ɗin suna da birkin salansa mai riƙe mota a gangara, yana taimakawa ƙwarai, amma bai isa ya maye birkin tirela ba.

Mu dawo gida. Ku bakwai ne, ita kuwa kujera biyar gare ta. Masu alfarmar duk haka suke, saboda akwatin da ke tsakanin direba da na gefensa ya cinye wurin mutum na shida. Sai a ƙananan aji ake samun doguwar kujerar gaba mai cin mutum uku. Ke nan ranar suna ko biki, biyu za su bi trotro, wato bas ɗin haya, ko su hau bodi, kuma ban yarda a sa yaro a bodi a hanyar Kumasi zuwa Tamale ba ko da na minti biyar ne. Kujerar bayan dai, a ba ta haƙƙinta: tana da faɗi da wurin miƙe ƙafa da babu a Hilux ko kusa, manya uku za su zauna ba mai matse wani, sanyin na'ura kuma har baya.

Sai ka tuna da Hajiya babba. Hawa motar nan kamar hawa doki ne. Matakalar lantarkin tana sauƙaƙawa, amma laka da jar ƙasar hanyar gona su ne ajalinta, wata rana za ta maƙale a ciki ko a waje. Bayan an hau kuma sai tafiya. Sifirin ɗin baya an yi shi ne don ya kwanta a ƙarƙashin nauyi, tayoyin kuma masu kauri ne da ake ba wa iska har 80 idan da lodi. In ba kaya, bayan motar tsalle yake kamar ɗan maraƙi. A titin Amurka mai santsi ba a ji sosai. A namu, da ramuka da tudun rage gudun da ke bakin kowane ƙauye, mai ciwon baya zai gaya maka kafin ku kai Mampong. Ram 2500 ta ɗan fi laushi, don tun 2014 aka sa mata sifirin mai murɗi a baya maimakon ganye, su kuma Chevrolet da GMC gabansu ya fi natsuwa a gargada saboda kowace tayar gaba da nata motsi. Rage iskar baya idan ba lodi yana taimakawa. Duk da haka ba za ta zama Prado ba.

Girman ma abin dubawa ne. Mai ƙofa huɗu da gajeren bodi ta kai mita 6.3, mai dogo ta doshi 6.8, ga Hilux mita 5.3. Faɗinta ya ɗan haura mita biyu ban da madubai. Ka auna ƙofar gidanka da igiya kafin komai. Ka kuma yi tunanin neman wurin tsayawa a Adum ko Alabar da rana tsaka, ko yin kwana a Asawase pragya, keken haya mai taya uku, na gabanka, mai koko na bayanka. Abin da ya fi damuna shi ne hancinta. Bonet ɗin ya kai ƙirjin babban mutum, yaro ɗan shekara biyar da ke tsaye dab da gabanta direba ba ya ganinsa sam. A zango, inda yara ke fitowa da gudu daga kowace ƙofa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Cikin duk kayan alfarmar, kyamarar da ke nuna kewayen mota ita ce wadda zan ce lalle a nema. Kujera mai hura iska ma tana da amfani a zafinmu. Mai ɗumama kujera da sitiyari kuwa, sai dai ka kunna wa baƙi su yi mamaki. Soket ɗin da ke ciki na wutar Amurka ne mai 120, tamu 230 ce, kada wani ya sa masa abin da zai ƙone.

Yanzu ga inda na fi so ka saurare ni, don nan ne sana'ata.

Injin dizal na Amurka na zamanin nan ba irin wanda muka taso da shi ba ne, wanda ko mai ya ɗan gauraya zai yi tari ya wuce. Tun wajen 2007 dokar hayaƙi ta can ta sa aka ɗaura musu matatar toka a salansa, wadda ake kira DPF. Daga 2011 Ford da Chevrolet suka ƙara tankin ruwan yuriya, wanda muka fi sani da AdBlue, Ram ta biyo baya a 2013. An tsara duka wannan ne a kan man da sulfa ɗinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba, wanda Amurka ta koma kansa tun 2006. Mu a nan sai 2017 aka sauko da iyakar zuwa 50, daga 3,000. An ci gaba ƙwarai, kuma man babban gidan mai da ke da ciniki ba ya ba ni tsoro. Wanda ke ba ni tsoro shi ne na ƙaramin gidan mai da tankinsa na ƙasa ke shan ruwan sama, da na jarka a bakin hanya, da wanda ya tsallako iyaka ba a san asalinsa ba.

Matatar tokar tana wanke kanta ne ta hanyar ƙone tokar da zafin da ya kai wajen digiri 600, kuma ba ta samun wannan sai motar ta miƙe a hanya tana gudu na kamar rabin awa. Motar da aikinta kai yara makaranta da tsayuwa a cunkoson shataletalen Suame da Anloga Junction ba za ta taɓa gama wankin ba. Toka ta taru, fitila ta kama, kwamfuta ta rage ƙarfin injin. Ruwan yuriyar kuma ba ya son zafi, in ya daɗe a shago rana na dukansa ya lalace, in ya ƙare ko na'urar ta ƙi amincewa da shi, motar za ta rage gudu mataki-mataki har ta koma tafiyar hawainiya. Da yawa a nan suna cire waɗannan kaya gaba ɗaya su sake wa kwamfutar karatu. A Amurka laifi ne, shi ya sa ƙaninka ba zai yi maka a can ba. A nan ana yi, amma hayaƙin da aka hana fita iyalinka da maƙwabtanka ne za su shaƙa, kuma in wanda ya yi karatun ɗan koyo ne, zai iya narkar maka da fistin.

Sai famfon mai. Injunan nan suna tura dizal cikin nozul da matsin da ya ninka iskar tayar ƙaramar mota kusan sau dubu, kuma man da kansa ne ke shafe cikin famfon. Akwai samfurin da ake kira CP4, wanda ke kan Ford 6.7 tun 2011, da Duramax daga 2011 zuwa 2016, da Ram ta 2019 da 2020. Ba ya haƙuri da ruwa ko busasshen mai. A 2021 kamfanin Ram ya janye motoci sama da 200,000 na waɗancan shekaru biyu don sauya shi. In irin wannan famfo ya ci kansa, garin ƙarfe yake watsawa cikin layin mai duka.

Bara waccan aka jawo mini wata daga kusa da Techiman, ta wani mai fataucin shanu. Direbansa ya sha mai da dare a wani ƙaramin gidan mai bayan Kintampo, an kwana biyu ana ruwa. Fitilar da ke nuna ruwa a cikin mai ta kama, shi kuwa bai san ma'anarta ba, ya ce ai motocin Turawa ba sa rabo da fitila, ya ci gaba da taka ta. Da na kwance matatar na zuba abin da ke ciki a kwalba, kashi ɗaya cikin uku ruwa ne, ƙasan kwalbar na ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli. Famfo, nozul gaba ɗaya, bututan mai, duk sai da aka sauya, aka sauke tanki aka wanke. Mako bakwai tana gabana muna jiran kaya daga ƙetare, kaji har sun fara kwana a ƙarƙashinta. Kuɗin da ya kashe zai sayi ƙaramar mota mai lafiya. Laifin ba na motar ba ne, ta yi gargaɗi. Da yaron ya tsaya ya murɗe 'yar magudanar da ke ƙasan matatar ya zubar da ruwan, aikin minti biyar, da ba a kai ga haka ba. Na ba ka labarin ne don ka tambayi kanka wa zai riƙa tuƙa taka zuwa gona ranar da kake wurin gini.

Kuɗin yau da kullum ma ka sa a lissafi. Ba kaya, a doguwar hanya, abin da na saba gani lita 13 zuwa 16 ne a kilomita 100, inda Hilux ke cin 8 zuwa 10; a cikin gari ya fi haka. Juyen baƙin mai ɗaya wajen lita 12 ne a Ford da Ram, kuma sai mai ƙarancin toka, mai alamar CJ-4 ko CK-4, in ba haka ba kai da hannunka kake toshe matatar. Batir biyu ne. Da hunturu matatar iska ba ta kai rabin kwanakin da littafi ya ce. Taya mai inci 20 ta wannan nauyi, in ta fashe maka a Ejura, sai an aiko daga Kumasi ko Accra. Ford kuma tun 2017 jikin manyanta na alminiyam ne: ba ya tsatsa, wannan alheri ne, amma sitireta, wato mai gyaran jikin mota, da ya saba da ƙarfe da wutar gas zai ɓata maka ƙofa in bai san hannunsa ba. Kayan Hilux kuwa, ka tsaya a tsakiyar Magazin ko Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, ka ɗaga murya, mutum biyar za su kawo maka. Tun 2021 ma a Tema ake harhaɗa ta. Ranar sayarwa haka zancen yake. Hilux kuɗi ce a hannu, babbar kuwa sai ka jira mai sha'awa, shi ma ya zo yana taya ta kamar yana yi maka alfarma.

Kan sayen kansa, a taƙaice. Yawancin masu arahar da ake turowa daga gwanjon motocin haɗari suke, irin Copart da IAAI. Wadda aka buga a gefe ana gyarawa. Wadda ambaliya ta shanye, irin na Texas da Florida, kada ka karɓa ko kyauta ce, don mota mai kwamfutoci da yawa haka in ruwa ya shiga wayoyinta ba ta ƙara yin lafiya. Ta jihohin ƙanƙara da Kanada kuma a leƙa ƙarƙashinta, gishirin da suke zubawa a titi yana cin shasi. A binciki lambar shasin mai harafi 17 tun daga tushe, domin EOCO, hukumar yaƙi da laifuffukan kuɗi ta Ghana, ta sha kwashe motocin da aka sato daga Amurka da Kanada a garejojin Accra, kuma manyan a-kori-kura na cikin waɗanda ɓarayin ke so. In aka kama, motar ta tafi, kuɗinka ya bi ta. Kwastan a Tema ba ruwansu da abin da aka biya a gwanjo: daga farashinta tana sabuwa suke farawa, su rage wani kaso saboda shekaru, wadda ta haura shekara goma kuma akwai tara a kanta. Ka sa wakilin fito ya buga maka lissafin a ICUMS, manhajar kwastan, kafin a sa ta a jirgi, kada a yi cinikin biri a sama. Ka tuna kuma a 2018 gwamnati ta taɓa ɗora harajin shekara-shekara a kan motoci masu babban inji, ta soke shi a 2019. Abin da aka taɓa yi ana iya sakewa. Lasin B da yawancinmu ke riƙe da shi na ƙananan motoci ne, nauyin wannan ya haura iyakarsa, sai ka leƙa DVLA, hukumar ba da lasin, kai da direbanka, don kada kamfanin inshora ya sami hanyar zillewa ranar tsautsayi.

Da ni ne kai, da kuɗin nan zan raba shi. Hilux ta ci gaba da zirga-zirgar gona da wurin gini. In sayi Rhino ko Mighty mai lafiya don masara da siminti, wadda ranar da ba aikina za ta fita haya ta ciyar da kanta. Ƙaramar motar gidan in sauya ta da mai kujera bakwai, Sienna in titi ne kawai, Fortuner ko Prado in za a riƙa zuwa ƙauye, Hajiya babba ta shiga ba sai an ɗaga ta ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku, kuma mai mota ɗaya ranar da ta kwanta gona ta tsaya, gini ya tsaya, yara sun koma pragya.

In kuwa ranka ya riga ya biya, ba laifi, mutum ya yi wahala ya sami halaliyarsa yana da ikon ya hau abin da yake so, ni ma ranar Sallah ina kallonsu a hanyar masallacin Idi ina jinjina kai. Sai ka saye ta a matsayin ta biyu, Hilux na nan. In ba tirela za ka ja ba, ɗauki mai fetur: Ford 6.2, ko 7.3 da ta fito a 2020, ko Ram 6.4. Za ta sha mai, lita 18 zuwa 22 ba abin mamaki ba ne, amma ba matatar toka, ba yuriya, ba famfo mai tsada, ga kuma ƙarin kilo ɗaruruwa na lodi. Ka tsaya a matakin Lariat ko Laramie, fatar kujera da sanyi da kyamara duk akwai, da taya inci 18, ba rufin gilashi, ba sifirin na iska. In dole sai dizal, na fi karkata ga Cummins, saboda danginsa na cikin janareto da manyan motoci a ƙasar nan, hannunmu ya saba da ƙarfensa. In kuma daɗin zama ne kawai abin nema, Toyota Tundra mai lita 5.7 ta 2007 zuwa 2021 injinta ɗaya da Lexus LX570, masu gyaransa ba su da wuyar samu, sai dai lodinta bai kai na Hilux ba.

Kafin ka tura ko sidi ɗaya, ƙaninka ya aiko maka da hoto huɗu: takardar jikin ƙofa, lambar shasi, ƙarƙashin motar daga baya, da allon gaban direba inda yake nuna awannin da injin ya yi yana aiki da waɗanda ya yi a tsaye. Na ƙarshen yana da muhimmanci, don motocin kamfanonin mai na can suna wuni a kunne saboda sanyin na'ura, mil kaɗan a agogo, inji kuwa ya tsufa. Mil ne fa, ba kilomita ba, sai ka ninka da 1.6. In hotunan sun iso, biyo ta Magazin bayan La'asar mu duba tare, ka taho da igiyar da ka auna ƙofar gidan.